Tukunyar Gaba

"Ki faɗa mini ranar da na taɓa yar da tukunya! Faɗi mana, ina jin ki!"

Bana Chisala ce take wannan ihun a tsakiyar ɗakin ƙanwarta, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana sarar iska. Ƙanwar, Bana Nkandu, uwar amarya (a yarenmu Bana na nufin uwar wane ko wance), tana zaune da faifan wake a cinya, tana sake tsince abin da ta riga ta tsince.

"Yaya, ba wanda ya ce kin yar."

"To don me za a ba matar ƙaninmu tukunyar gaba? Mwaba! Wadda ko shayi ta ɗauko sai ta bar sawu a ƙasa?"

Mwaba tana nan kusa da ƙofa tana fere kabewa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ni kuwa ina lungu da gangata tsakanin ƙafafu. Ni nake horar da amaren unguwarmu a nan garin Kitwe, ni nake kaɗa musu ganga, kuma in ana rigima ba na son a ba ni labari, na fi son in gani da idona.

Washegari ne za mu kai girki gidan ango, kamar yadda al'adarmu take. Kowace mace da tukunyarta a ka, an naɗe da zane, ana tafe ana waƙa. Ta gaba ita ke ɗauke da tuwon masara, ita dangin ango suke fara gani. Su kuma ba sa buɗe ƙofa da wuri. Sai sun shanya ku a rana, sun zolaye ku son ransu, tukuna. Tun da aka fara aurar da 'yan matan gidan nan Bana Chisala ce a gaba, kuma ƙatuwar tukunyar ma tata ce, duk dangi ba mai irinta. Tun safe ta kawo ta, ta goge ta har tana ɗaukar ido.

"Kaka, ke ce babba," in ji uwar amarya, "ki sa baki mana."

Na ce, "Bana Chisala, wuyanki ba ya rawa, duk kasuwa ta shaida. Na taɓa ganin akuya ta shige tsakanin ƙafafunki kina ɗauke da kwandon tumatir, ko ɗaya bai faɗo ba. Amma a ƙofar ango ba wuya kaɗai ake kallo ba."

"Me ake kallo? Haƙora? Ai da ke ba a taɓa gayyatar ki ba!"

Na haɗiye maganar. Guda uku suka rage mini, kuma suna aikinsu.

"Ana kallon natsuwa," na ce. "Kin manta bikin Kasuba bara?"

A bikin Kasuba, 'yar ƙaninsu, gwaggon ango ta leƙo ta kan katanga ta ce wai masu tallar gawayi ne suka ɓata hanya. Wasa ne, kowa ya san wasa ne. Bana Chisala ta tsaya da tuwo a ka ta zage matar nan tas, ta haɗa da uwarta da mijinta da ya mutu. Har yau in Kasuba ta yi ɗan kuskure a gidan miji, sai a ce mata ai ba laifinta ba ne, an ga inda ta fito.

"Tuwon ya zube?" in ji Bana Chisala. "Ina tambayar ku, ya zube?"

"Bai zube ba, Yaya."

"To! Ku cika tukunyar nan da ruwa. Ni da Mwaba. Wadda ta ɗigar da ko ɗigo ɗaya ta koma baya ta ɗauki ganye."

Allah ya sani ba ni na kawo shawarar ba. Na dai ƙara da cewa tunda gwaji ne, a yi shi yadda zai kasance gobe: ni ce gwaggon ango, ƙofar kicin ce ƙofar gidansu.

Aka cika tukunya har baki. Bana Chisala ta ƙi gammo, ta ce na yara ne. Ta ɗora, ta saki hannu. Na buga ganga. Jama'a, matar nan ta iya! Ta taka, ta juya, ta durƙusa har gwiwa ta taɓa siminti, ta miƙe, ruwan nan kamar an daskarar da shi. Maƙwabtan da suka zo taya aiki suka cika taga.

Sai na ajiye ganga na maƙale murya.

"Su wane ne a ƙofarmu? Mun ce ba ma sayen gawayi!"

Ta cije leɓe, ta ci gaba da waƙa.

"Wa ya tuƙa tuwon? An ce a gidanku da gudaji ake gane na biki."

Hancinta ya buɗe, amma ta daure. Na so in bar ta haka, sai dai gwaggon angon gobe na san ta, coci ɗaya muke zuwa, ba ta barin mutum haka.

"Af, ashe ke ce! Ba ke ba ce mijinki yake cin abincin rana a gidan ƙanwarsa, wai can ya fi samun gishiri?"

Shi ke nan.

"Ke! Tsohuwar banza mai baki kamar tsohon buhu! Wa ya gaya miki? Wace munafukar ce? Ke da kika binne maza biyu da surutu, har kina da bakin zancen mijin wata? Ki fito nan in ƙarasa miki ukun da suka rage!"

Ta yi kaina, yatsa a gaba, jijiyar wuya a tashe. Uwar amarya ta zubar da wakenta garin shiga tsakani. Kuma ku ji abin mamaki: ruwan nan ko motsi bai yi ba.

Ta sauke tukunyar tana huci. "Ku duba ƙasa. A bushe!"

Ba wanda ya duba ƙasa.

Mwaba ta share hannu, ta naɗa gammo, aka ɗora mata. Tun takun farko ruwa ya gangaro mata ta bayan kunne. Ta kai hannu ɗaya ta tallafe. Kafin ta iso ƙofar kicin rigarta ta jiƙe har ƙirji. Ban raga mata ba.

"Wannan ba ita ce ta ƙona wake ranar da surukarta ta zo ba? Har unguwar gaba aka ji ƙauri!"

Gaskiya ne, kuma ta sha kuka a kansa. Na ga idonta ya kawo ruwa. Amma ta durƙusa a hankali, ta sunkuyar da ido, ta yi murmushi.

"Ni ce, Gwaggo. Shi ya sa yau ban taɓa waken ba. Ku buɗe mana, na masu iyawa muka kawo."

Matan taga suka ɗauki guɗa.

"Guɗar me?" Bana Chisala ta daka musu tsawa. "Ta jiƙe kamar kazar da ta faɗa rijiya! Ta riƙe da hannu! Da tuwo ne da yanzu yana ƙasa!"

"Tuwo ba ya zuba kamar ruwa, Yaya," in ji uwar amarya.

"Rufe mini baki! Ni na goya ki!"

Sai labulen ɗakin ciki ya motsa. Amarya ce, Nkandu, wadda bai kamata a ji muryarta ba a kwanakin nan. Ba ta fito ba, daga bayan labulen ta yi magana.

"Inna Babba, ki yi haƙuri. Ku gobe za ku je ku dawo. Ni can zan zauna."

Bana Chisala ta kalli labulen, ta kalli ƙanwarta.

"Ke ma haka kika ce?"

Uwar amarya ta durƙusa tana kwashe wake. "Mwaba ce a gaba, Yaya. Ke ki biyo ta da kaza."

"Da kaza. Ni."

Ba ta ƙara ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta taka har gaban Mwaba, ta ɗauke tukunyar daga kanta, da sauran ruwan a ciki, ta ɗora a nata.

"Yaya, tukunyar! A me za mu tuƙa tuwon?" in ji uwar amarya.

"Ku tuƙa a cikin natsuwa."

Ta juya, ta rage tsawo ta ratsa bakin ƙofa ba tare da ta taɓa tukunyar ba. Tana fita ta sa dunduniya ta maka ƙofar, har hoton bango ya faɗo.