Rufin da Aka Yi da Shawara

A Matameye babu wanda bai san yadda Dawuda, sarkin magina, yake tafiyar da aikinsa ba. Da hantsi zai hau tsibin ƙasa ya zauna, ya fasa goro, ya bi maginansa ɗaya bayan ɗaya: kai me ka gani, kai kuma fa? Har mai kwaɓa ƙasa sai an ji ta bakinsa. Mahaifinsa ba haka ya riƙe sarautar ba. Shi tsohon da tsawa yake gini, tabon sandarsa ma yana nan a gadon bayan Dawuda. Shi ya sa ranar da aka naɗa shi ya ƙudurta a ransa ba zai taɓa kora ɗan Adam kamar jaki ba. Matarsa Rakiya takan yi masa tsiya, ta ce ko tuwo aka ajiye masa sai ya tara jama'a an yi shawara kafin ya sa hannu.

Abin kuwa ya karɓe shi. Shekara goma sha ɗaya babu maginin da ya gudu daga hannunsa, har daga Kance ake zuwa nemansa.

Ana nan, bayan Nasara sun zauna da gindinsu a Damagaram, Kumandan, babban Nasaran yankin, ya aiko a gina masa bariki a bakin hanya, inda zai riƙa sauka idan ya fito rangadi. Aikin tilas ne. Gardin da ya kawo saƙon, wato dogarin Nasara, wani dogo mai jar hula da bulala, ya faɗa a gaban kowa: babu mai barin wurin sai an gama rufi, kuma idan ginin ya yi aibi, shugaban aikin zai tafi Damagaram a igiya.

Bango ya tashi lafiya. Aka jera azara, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasar farko. Kowane magini ya san sauran: ƙasar rufi sau uku ake zuba ta, kuma sai ta farko ta bushe ƙarau ake ɗora ta biyu. Wanda ya yi gaggawa, nauyin ɗanyar ƙasa zai lanƙwasa azara tun daga ciki. Kwana goma sha biyu aikin yake nema. Ga shi kuwa hadari ya fara haɗuwa a gabas kowane yamma, maginan nan kuma duk manoma ne.

Dawuda ya hau tsibinsa, ya tambaye su.

Ummaru, wani dattijo daga Icirnawa, ya fara. "Sarki, in ruwa ya sauka muna nan, wa zai yi mana shuka? Iyalinmu barikin Nasara za su ci?"

"Baba Ummaru, ƙasar nan ɗanya ce," in ji Dawuda. "Sa yatsa ka ji."

Sai Illa ya matso. Illa ɗan ƙanen mahaifin Dawuda ne, a gida ɗaya suka tashi, Dawuda ne ya koya masa ɗora tubali, shi ya tsaya masa wajen neman aure. "Yaya," ya ce, "mu zuba ta duka tsakanin yau da gobe. Rana tana da zafi, za ta bushe. In ma ya faɗi, a kanmu duka ya faɗi. Baki ɗaya muka yi, ko ba haka ba, jama'a?"

Mutum goma sha bakwai suka ce haka ne.

To, a nan ne ya kamata Dawuda ya miƙe ya daka tsawa irin ta tsohonsa, ya ce a'a, ko da za su shekara suna zaginsa. Shawara tana da ranarta, amma ba a tambayar mai gona a zuci ko ƙasa ta bushe. Ya san haka sarai. Sai dai ya dubi fuskokinsu ya ji tausayi, kuma bakinsa bai saba da faɗin a'a ba. Ya ce a shafa fatiha a kan maganar. Aka shafa.

Kwana biyu suka gama. Ruwa ya sauka, kowa ya sheƙa gonarsa. Dawuda kaɗai yake zagayowa kullum yana ɗaga kai yana duban azara.

Ranar da Kumandan ya iso, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun azahar. Wajen la'asar, Kumandan ya fito duba dokinsa ke nan, rufin ya rufta. Ya danne gadonsa da akwatunansa, ya karya wa kukunsa hannu.

Da safe aka tara magina a gaban kangon. Kumandan yana kan kujera, fuska jawur. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, wa ya ba da umarni a rufe ɗanye?"

"Ranka ya daɗe, shawara muka yi," in ji Dawuda. "Dukanmu."

Nasaran ya yi wata gajeruwar magana. Tafinta ya ce, "Ya ce shi bai san dukanmu ba. Aiki shugaba ɗaya gare shi. Amma za a tambaye su."

Hankalin Dawuda ya ɗan kwanta. Mutum goma sha tara ba a ɗaure su a igiya ɗaya ana tsakiyar damina. Ko Nasara ya san haka. Su dai faɗi gaskiya kawai.

Aka fara da Ummaru. Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce, "Mu 'yan aiki ne. Abin da Sarki ya ce shi muke yi." Na biyu ya maimaita, na uku ma, kamar masu karatu a allo ɗaya. Dawuda yana bin su da ido, babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Bai yanke ƙauna ba, don Illa ne na ƙarshe.

Illa ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ni har faɗa masa na yi ƙasar ba ta bushe ba. Bai ji ba."

Dawuda ya ji abin har cikin ƙashinsa. Tsoron sauran ya fahimta, shi ma yana jin tsoron. Amma Illa ba shiru ya yi ba, maganar Dawuda ya ɗauka ya mai da ita tasa. Ya buɗe baki zai yi rantsuwa, ya ga babu wanda zai shaide shi, ya rufe. Aka yanke masa wata shida yana fasa dutse a Damagaram. Sarautar magina aka ba Illa nan take, da umarnin ya sake rufin.

Ko gida ba a bar Dawuda ya shiga ba. Rakiya ta biyo shi da ƙullin fura tana kuka, gardi ya kore ta. Da suka sake bi ta gefen barikin za su kama hanya, ya ji muryar Illa tana tashi, ya ga sanda a hannunsa. Mutanen da ya shekara goma sha ɗaya yana lallashi suna gudu da kwanduna a ka, har da Baba Ummaru, kuma babu mai maganar gona.

Sun kai bayan gari sai ga Illa a guje, yana haki. Ya roƙi gardi ya dakata. Bai iya duban igiyar da aka ɗaure Dawuda da ita ba.

"Yaya," ya ce a hankali, "azarar da muka zaro daga ƙasa, da yawa ba su karye ba. A mai da su?"

Dawuda ya dube shi. Azarar da ta taɓa lanƙwasa ta tsage daga ciki, ko da ido bai gani ba. Kalma ɗaya zai faɗa, ya ce i, rufin ya sake ruftawa, kafin kaka Illa ya same shi a wurin fasa dutse. Wallahi ya so ya faɗe ta, har ta zo masa bakin harshe. Amma ba Illa kaɗai zai tsaya a ƙarƙashin rufin ba.

"Kada ka mai da ko ɗaya," ya ce. "A saro sababbi a fadamar Kurni. Za su ce maka da nisa. Kada ka tambaye su."

Illa ya tsaya kamar zai ƙara wata magana. Dawuda ya juya masa baya, ya ce wa gardi su tafi.