Ranar da Ruwa Ya Ɗauki Barira

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tunda har yanzu bai bar kaina ba, bari in faɗe shi yadda ya zo.

Na gan mu cikin motar haya da hantsi, ni da matata Zuwaira da yaranmu biyu, za mu ziyarar yayata, gwaggon yaran, a wani gari. Barira shekararta goma sha ɗaya, Sagir kuma biyar. Ko a ido biyu mun daɗe muna maganar tafiyar nan, domin saura mako guda Barira ta tafi makarantar kwana, kuma na yi mata alkawarin yawo kafin ranar. Tun da takardar makarantar ta zo yarinyar ta yi sanyi. Da ita ce rediyon gidanmu, yanzu sai ka tambaye ta sau biyu kafin ta ce e ko a'a. Ni kuwa gyaran keken ɗinki ne sana'ata. Keke na yin ƙara sau ɗaya na san abin da ke damunsa, amma shirun 'yata ya gagare ni.

Motar da baya take tafiya. Direban ya ce haka ya fi sauri, don hanyar baya ba ta da cunkoso. Babu wanda ya musa masa. Muna cikin tafiya sai motar ta yi hamma, ta ratse gindin wata ɗorawa, ta kwanta a gefenta.

"Ta gaji," in ji direba. "Ku shiga gari ku kai yara yawo. In ta tashi za ta neme ku."

Sai ga mu a bakin wata ƙofa mai fenti shuɗi da rawaya. A samanta an rubuta: Filin Wasan Yara da Waɗanda Suka Zo da Su. Gefen ƙofar akwai ofis, a cikinsa wani bunsuru zaune bayan tebur, da tabarau da hula. Fayiloli ne tsibi a gabansa, yana cin na sama a hankali. Wata akuya na buga masa takarda da kofato.

Na yi sallama, na ce, "Ranka ya daɗe, yara na kawo."

Bai ko dube ni ba. Ya leƙo ta saman tabarau ya kalli Sagir.

"Alhaji, waɗannan manyan biyu naka ne?"

"Nawa ne," in ji Sagir.

"Suna jin magana?"

Sagir ya yi ɗan tunani. "Mama tana ji. Baba sai wani lokaci."

Bunsurun ya rubuta wannan a takarda, ya sa hannu, ya cinye ta. Sannan ya nuna mana wata gora da aka kafa a bakin ƙofa, an yi mata jan zane a tsakiya. Duk wanda ya wuce zanen nan, in ji shi, sai ya bar ragowar tsawonsa a ofis. Zuwaira dama gajera ce, ta wuce abinta tana yi mini dariya. Ni kuwa akuyar ta taso ta zare mini tsawona ta kafaɗa kamar yadda ake cire babbar riga, ta ninke, ta rataye a ƙusa. Akwai wasu rataye a wurin, har da na wani ɗan sanda da ke jan ƙasa.

Da na juyo sai na ga kaina daidai da kan Barira. Rabon da in kalli idonta ba tare da na sunkuya ba har na manta. A saman girarta ta hagu na ga wani ɗan tabo.

"Yaushe kika ji ciwo a nan?"

"Bara, Baba. Ƙofar banɗaki ce."

Na shafa tabon da yatsa. Ta kama hannuna muka shiga.

Lilo muka fara hawa. Lilon wurin ba ya motsi ko kaɗan. Kai dai ka zauna ka riƙe igiya, garin ne zai riƙa zuwa yana dawowa. Gidaje su yi gaba, su yi baya, bishiyoyi na binsu. Sagir sai ihu yake yana cewa a ƙara.

"Baban Sagir," in ji Zuwaira, tana riƙe da mayafinta, "ka ce su rage. Kasuwar can za ta zubar wa mutane da tumatir."

Na ɗaga hannu, garin ya rage gudu.

Sai kuma ga mu a ɓangaren namun daji. Namun suna waje, zazzaune a kan benci suna shan iska. A cikin kejin kuwa kayan gida ne. Ga wata buta tana zagaye ba ta tsayawa, ga tsintsiyoyi uku kwance a inuwa, ga turmi da 'ya'yansa ƙanana. Wani tsohon zaki mai rigar gadi ne ke zagayawa da baƙi.

"Kada ku matsa kusa da dutsen gugan nan," in ji shi. "Tun safe bai ci gawayi ba."

Sagir ya jefa wa butar gyaɗa. Ta sunsuna ta bari. Zuwaira kuwa ta tsaya cak a gaban wani ƙaramin keji.

"Wallahi ludayina ne! Wata uku ina nemansa. Ga ma inda wuta ta lashe shi."

"Naki ne a da, Hajiya," in ji zaki. "Yanzu ya saba da daji. Ko kin tafi da shi ba zai ƙara shiga miya ba."

Zuwaira ta daɗe tana kallonsa. Daga baya ta ce to ai ya yi ƙiba, Allah ya ba shi lafiya. Muka wuce.

A gaba akwai wurin hawan giwa. Giwar ba ta fi tunkiya girma ba, kuma yara ne ke goya ta. Sagir ya goya ta ya zagaya fili sau biyu, tana bayansa tana lumshe ido. Da ya sauke ta duk jikinsa ƙasa, sai uwar ta ja shi famfo ta wanke shi. Aka bar ni da Barira a kan benci, ƙarƙashin wani mangwaro. Ƙafafunmu duka ba su taɓa ƙasa.

Ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta kafin ta yi magana.

"Baba, wai a makarantar in mutum ya yi kuka rubuta sunansa ake yi?"

"Wa ya faɗa miki?"

"Wata ce a islamiyyarmu."

Na so in yi mata ƙarya mai daɗi, irin wadda manya ke yi wa yara. Na buɗe baki, ta ƙi fitowa. Da alama tana cikin abin da aka rataye a ofis.

"Ban sani ba," na ce. "Amma ni da aka kai ni Zariya koyon aiki, ina ɗan shekara goma sha biyu, kwana tara na yi ina kuka. Bayan tsofaffin kekuna nake ɓuya."

Ta juyo da sauri. "Kai, Baba?"

"Ni ɗin nan."

"To a na goman fa?"

"A na goman matar maigidana ta yi dambu. Na ci kwano biyu, na manta ban yi kukan ranar ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin takardar nan ta zo.

Muna nan zaune sai ruwa ya fara. Daga ƙasa yake fitowa. Ɗigo ya tsiro daga cikin yashi ya yi sama, wani ya bi shi, kafin ka ce me fili ya cika da ruwa mai tashi. Mata suka juya lema suka shiga ciki suka tsaya. Maza suka matse bakin wandunansu. Yaran wurin kuwa suka tuɓe takalma suka ruga tsakiyar fili, ruwan yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana yin sama da su, suna ihu suna ɗaga wa iyayensu hannu.

Ban ga lokacin da Barira ta cire takalminta ba. Ji kawai na yi benci ya yi sauƙi. Ina dubawa na ga ƙafafunta sun tashi. Na yi wuf na cafke hannunta da hannuwana biyu. Ruwa na ja ina ja, kuma da yake ba ni da tsawo, ni ma sai da na tsaya a kan 'yan yatsu.

Kusa da mu wata tsohuwa na suyar awara, hayaƙinta na nutsewa cikin ƙasa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ɗan nan, sake ta."

"Iya, in ta tafi fa?"

"Tafiya za ta yi mana. Ai don haka aka yi filin."

"To ta ina za ta dawo?"

"Ta inda ta tafi."

Na waiga neman Zuwaira. Ga ta can cikin lema da Sagir a kafaɗa. Na zaci za ta rugo ta kama mini ɗaya hannun. Ta dube ni, idonta da ɗan ruwa, ta ce a hankali, "Baban Sagir, hannunta ya yi ja."

Na duba. Gaskiya ne, shatin yatsuna ya fito a wuyan hannun yarinyar.

"Baba," in ji Barira daga samana, "ina jin tsoro. Amma ina so in je."

Na yi bismillah. Na saki yatsa ɗaya, na saki na biyu. Na ƙarshen ita ta zare da kanta.

Ta tashi a hankali, hijabinta na kaɗawa. Ta wuce reshen mangwaro inda wasu kifaye suka yi sheƙa, ta wuce tankin ruwan garin, ta shiga cikin sauran yara. Ta koma kamar kurciya, ta koma kamar ƙuda, sannan na daina ganinta. Na tsaya hannuwana a sama, ban san abin da zan yi da su ba. Tsohuwar ta miƙo mini awara a takarda, ta barbaɗa yaji.

"Zauna ka ci. Tsayuwa ba ta sauko da su."

Na zauna na ci. Awarar da zafinta, kuma ta yi daɗi, har na ji kunyar yadda ta yi mini daɗi. Sauran iyayen ma duk sun zazzauna. Wani na yanke farce, wata na yi wa ƙawarta kitso, kowa kan ɗaga kai jefi-jefi. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Wataƙila awa guda, wataƙila damina guda. Sagir ya zo ya jingina da ni.

"Baba, Yaya za ta dawo?"

"Za ta dawo," na ce. Da na faɗa sai na ji ni ma na yarda.

Ruwan ya ɗauke kamar an rufe famfo. Sai ga yara suna saukowa kamar audugar rimi, kowa na faɗawa kusa da nasa. Na ƙirga har na gaji, babu Barira. Fili ya fara watsewa. Zuwaira ta shimfiɗa tabarma, ta buɗe kula, ta jera faranti huɗu. Tana ajiye na huɗun sai ga inuwa a kansa. Barira ta sauko daidai gaban farantinta, a zaune. Daga gwiwa zuwa ƙasa jagab take, kanta kuwa a bushe.

Tun kafin ta wanke hannu ta fara magana, ba ta kuma tsaya ba.

"Baba, na ga gidanmu! Ƙwallon Sagir guda uku ne a kan kwanon rufi, ba ɗaya ba. Na ga gidan Gwaggo, tana shanya barkono. Na ga makarantar ma. Rufinta kore ne, akwai gwaiba a bayan ɗakin kwana. Wasu 'yan mata na wanki a gindin famfo, ɗaya ta ɗago ta gan ni, ta yi mini hannu. Ƙarama ce ma, ba ta kai ni ba. Kuma na gan ka a ƙasa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, kana cin awara!"

"Ba ki ji tsoro ba?" in ji uwar.

"Na ji da farko. Sai na manta, don abin kallo ya yi yawa."

Muka ci ɗanwake da mai da yaji. Kular kuwa muna ɗiba tana ƙara cika. Sagir ya yi barci da loma a hannu. Can sai ga motarmu ta shigo fili tana dube-dube, ta tsaya nesa kamar baƙuwa mai kunya, ta yi gyaran murya.

"Ta jira," in ji Zuwaira. "Ai mu ma mun jira ta."

Barira ta matso kusa da ni har kafaɗarta na taɓa tawa.

"Baba, saura abu ɗaya da na gani, ban faɗa ba. Kai kaɗai zan faɗa wa."

Na miƙa mata kunne. Ta kare bakinta da tafin hannu, ta ja numfashi, ta buɗe baki, sai na ji tat, tat, tat, garrrr.

Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabtanmu ne aka tayar, gari ya waye tas. A tsakar gida ina jin Barira da Sagir suna rigima a kan kofin shan koko, wannan na cewa nasa ne, wannan na cewa ita ta riga ɗauka. A kullum daga nan kwance nake daka musu tsawa su yi shiru. Yau sai na ƙyale su. Na gyara matashi, na kwanta ina sauraronsu.