Harshen da Ya Rage wa Ekkehard

Ekkehard Vollrath maƙwabcina ne a Coober Pedy tun kafin furfura ta fito mini. Bangon dutse ɗaya ya raba gidana da nasa a ƙarƙashin ƙasa, in ya yi tari ina ji. Bajamushe ne. Ya zo haƙar ofal, wani dutse mai daraja, da ƙuruciyarsa, ya baro mata da 'yar ƙaramar yarinya a Bremen, bai sake komawa ba.

Matarsa ta biyu, Lamduan, 'yar Tailan ce daga wajen Udon Thani. Turanci suke yi a tsakaninsu, nasa kamar ana jan buhun tsakuwa, nata kamar ruwan sama a kan kwano. In ta kira yayyenta a waya kuwa sai ta koma harshensu, ta zauna a gabansa tana yanka ɗanyar gwanda tana kai ƙararsa, shi yana kurɓar kofi yana kallon bango.

"Noeline, rabu da shi," takan ce mini. "Ko 'na gode' bai iya da yarenmu ba. Kunnen dutse gare shi."

Wata rana da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a bakin ramin haƙarsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Jirgin likitoci ya ɗauke shi zuwa Adelaide, ni da Lamduan muka bi a mota.

Da ya farfaɗo, likita ta yi masa Turanci, ya zuba mata ido kawai. Aka nemo wani ma'aikaci mai jin Jamusanci, shi ma haka. Lamduan ta zauna ba shi miya a baki, tana mita ita kaɗai da harshensu. Sai muka ji ya amsa. Magana ce doguwa, mai hawa da sauka irin tasu. Cokalin ya suɓuce daga hannunta.

"Me ya ce?" na tambaye ta.

"Ya ce miyar ba barkono." Ta sake kasa kunne. "Ya ce kuma yayata Bunmi ta yi gaskiya, na cika mita."

Ta dafe ƙirji, ta juyo kansa. "Kai tsoho! Ashe duk abin da nake faɗa a waya kana ji?"

Ya ba ta amsa, ta fashe da dariya har da hawaye. A harshensu akwai 'yar kalmar ladabi da ake rufe magana da ita, ta maza daban, ta mata daban. To shi a bakin mata ya tsinci yaren, don haka wannan ƙaton mai gemu da ta mata yake rufe zancensa, kamar wata budurwar ƙauye.

Likitar ta ce akan ga irin haka jefi-jefi ga masu harshe fiye da ɗaya, kuma ba za ta iya cewa ga wanda zai dawo ba. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Mutum ya rasa harshen da ya sha a nono, ya rasa wanda ya ci abinci da shi, a bar masa wanda bai taɓa furtawa ba.

Lamduan ce ta nemo 'yarsa, Wiebke. Ta iso mace mai kusan hamsin, doguwa, da haɓa irin tasa. Ta tsaya a gefen gado ta zazzage masa abin da ta daɗe tana tarawa, da Jamusanci. Ya bi bakinta da kallo, bai kama ko kalma ba.

Dole muka yi sarƙa. Wiebke ta faɗa da Turanci, Lamduan ta juya masa, ni kuma in miƙe Turancin Lamduan inda ya karkace.

"Ki tambaye shi ko ya san ni."

Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Khit thueng."

"Ya ce ya yi kewarki," in ji Lamduan.

Wiebke ta yi murmushin da bai kai ido ba. "A Jamusanci, kalmar kewa ita ce wadda 'yan sanda ke rubutawa a kan wanda ya ɓata. Ni ce na yi cigiyarsa. Shi ai ya san inda nake."

Lamduan ta ce, "A'a, 'yata, Turanci ne ya gajarta maganar. Kalmomi biyu ne ya faɗa. Ta farko tunani, ta biyu isa wuri. Wato tunaninsa ya tashi daga nan ya je har inda kike."

"Ki ce masa bai iso ba."

Na taɓa hannun Lamduan don ta sassauta, amma ta juya masa yadda take. Bakinsa ya yi ta motsi. Can ya ce, "Khao jai."

"Ya ce ya fahimta. Mu 'ya shiga zuciya' muke cewa."

Wiebke ta jawo kujera ta zauna. "Tamu kalmar ta fahimta akwai tsayuwa a cikinta," ta ce a hankali. Sai a lokacin na lura, ni da na tsufa da Turanci a bakina, cewa tamu ta Turanci ma ma'anarta tsayuwa ce a ƙarƙashin abu. Mu uku muka zuba wa tsohon ido, shi kuwa ya miƙa hannun hagu ya kama yatsun 'yarsa. Ba ta janye ba.

Ta ɗage tafiyarta. Ta biyo mu Coober Pedy da aka sallame shi, ta riƙa tura kujerarsa zuwa bakin tituna da yamma. Lamduan na koya mata yaren, suna faɗa a kan sauti, domin kalma ɗaya in ka ɗaga murya shinkafa ce, in ka karya ta ta zama labari. Turancinsa bai dawo ba har yau.

Ranar tafiyar Wiebke muka raka ta tashar mota, rana na ƙona ƙeya, kwalta na narkewa. Ta sunkuya ta sumbaci goshinsa, ta ɗauki jaka, rigar sanyinta rataye a hannu. Ya bi rigar da ido, ya yamutsa fuska kamar mai ɗaga dutse.

"Wiebke," ya ce. "Jacke."

Ta tsaya cak. Na tambaye ta ma'anarsa.

"Jamusanci ne. Rigar sanyi," ta ce. "Cewa yake in saka, kada in yi mura."

Ta ajiye jakar, ta zura rigar a cikin wannan zafin, ta ja zif har wuya, ta hau mota a haka.