Makirfon da Aka Sa wa Baba Zakari

Kun san Baba Zakari, kada ma ku fara cewa ba ku san shi ba. Shi ne tsohon nan mai yankan makulli a bakin titi a Unguwar Shanu, wanda kuke miƙa wa makullin shago ta tagar mota ba tare da kun dubi fuskarsa ba. Iyayenku sun yi rawa da jitarsa a bukukuwan garin nan tun kafin a haife ku. Da fiyano ya shigo, mutum ɗaya ya fara danna maɓalli yana fitar da kalangu da jita da komai daga akwati guda, sai kuka juya masa baya. Babu wanda ya taɓa tambaya ko an ɗauki kiɗansa an ajiye. Ba a ɗauka ba. Kaset ɗaya da aka yi masa a wani biki, ruwa ya cinye shi tun da daɗewa.

A farkon Sha'aban 'yarsa Sa'adatu ta tare ni a ƙofar gidanmu, don maƙwabta muke.

"Aliyu, kai da kake aikin sauti a gidan rediyo, zo ka ji. Baba zai ajiye jita."

Ya koma karatu wurin wani malami a Rafin Guza, kuma ya ɗau wa kansa alkawari: ranar da aka ga watan azumi ba zai sake taɓa ta ba. Ba ni da ja da wannan, rayuwarsa ce. Amma Sa'adatu ta yi ta roƙonsa ya kaɗa sau ɗaya a ɗauka saboda jikoki, har ya yarda. Haruna, ɗan wani tsohon abokinsa, mai situdiyo a Unguwar Sarki, yana jin labari ya ce babu inda za a yi sai wurinsa.

Ranar Asabar da hantsi muka hau benen situdiyon. Ni da mai keken da ya kawo mu muka ciccibi amfilifayar Baba, akwatin da ke ƙara wa jita murya, don nauyinta ya kai na buhun siminti. Tsohuwa ce, yadin da ya rufe sifikarta ya koɗe, a bayanta akwai wasu 'yan kwalabe da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Baba ya jona ta, ya ce a bar ta ta ɗumama tukuna, ita ma gwiwoyinta sun tsufa.

An ɗauke wuta tun safe. Janareta yana ruri a bayan taga, a ƙasan benen kuma injin markaɗe yana ta aikinsa.

Ga abin da ya kamata ku gane. Muryar jitar lantarki ba a jikin jitar take ba. In ka kashe amfilifaya, abin da za ka ji bai wuce ƙarar waya da aka ja a kan katako ba. Duk abin da ya sa kiɗan Baba ya zama nasa, wannan 'yar shaƙewar da ke zuwa idan ya danne tsirkiya ya lanƙwasa ta, daga sifikar nan yake fita, dab da ƙasa. Wanda yake son ya kama shi, can zai je.

Haruna ya buɗe wata 'yar akwati ya fito da makirfonsa da hannu biyu. Ruwan zinare ne, girmansa kamar gorar ruwa, ana rataye shi a cikin wani kwando na roba. Daga Dubai aka kawo masa, kuma duk mawaƙin da ya shigo sai ya ɗau hoto da shi. Abu ne mai kyau, ba na musu. An yi shi don muryar mutum a ɗakin da babu motsi. Yana jin komai, har haɗiyar yawu.

Na zaro nawa daga jaka. Baƙi ne, gajere, kansa ya lotsa a gefe guda. Irinsa kurma ne ga duk abin da ba ya gabansa, kuma ƙara ba ta firgita shi komai ƙarfinta.

"Wannan fa?" in ji Haruna. "Daga tashar Kawo ka aro shi? Ina mai maganin basir ɗin ya je har ka ɗauke masa kayan aiki?"

Sa'adatu ta toshe baki da gefen hijabi. Har Baba sai da ya murmusa.

"Yaya Haruna, ba don kyau aka yi shi ba."

"Ai ko ba ka faɗa ba, na gani."

Ya jawo ƙarfen rataye makirfo, ya daidaita na zinaren daidai fuskar Baba, inda yake zaune a kan kujera.

"Yaya, Baba ba waƙa zai yi ba. Sautin a ƙasa yake."

"To in kwantar da makirfona a ƙasa, wajen takalma? Dattijo yana zaune, in tsallake shi in je in girmama akwati? Makirfo gaban mutum ake sa shi, malam ɗan boko."

"A gwada biyun mana. Baba ya ɗan kaɗa da wannan, ya kaɗa da wancan, mu saurara, kunne ya zaɓa."

"Baban za ka sa ya yi ta maimaitawa kamar ɗan firamare? Kai, Aliyu, karatun naku har da cire kunya a ciki?"

Baba ya riga ya fara saita tsirkiyoyinsa, yana murɗawa yana taɓawa. Na'urar da ke kai sauti cikin kwamfutar Haruna rami biyu gare ta. Ɗaya ya ba na zinaren, ɗayan na fiyano ne, ba a kai ga jona shi ba. Na cusa wayata a ciki, na durƙusa, na kai baƙin makirfon har ya kusa taɓa yadin sifika. Ban sa shi a tsakiya ba, nan sauti yake da kaifi kamar reza. Na ɗan goce da shi gefe, inda yake da nama.

"Danna maɓallin ɗauka, Yaya. Saitin da yake yi ma ya isa. Ba sai an ce masa komai ba."

Ya danna, yana dariya, don ya ba ni kunya.

Da Baba ya tsaya shan ruwa, Haruna ya saƙala abin ji a kunnuwansa, ya ba ni na biyu. Ya fara kunna na zinaren. Janareta ne a gaba. Bayansa markaɗe, sai hon ɗin keke daga titi, sai numfashin Baba, sai ƙas-ƙas ɗin 'yar robar da yake kaɗa tsirkiya da ita. Jitar tana can nesa, kamar daga gidan maƙwabta take zuwa.

Ya kunna nawa.

Ɗakin ya ɓace. Babu inji, babu titi. Tsirkiya ɗaya ce ta tashi, mai kauri, da ɗan gurnani a ƙasanta, ta hau ta daidaita, ta tsaya tana rawa kafin ta mutu.

Ina kallon fuskar Haruna. Dariyar ta tafi. Ya mayar baya ya sake ji. Wannan mutumin ya yi shekaru yana aikin sauti, ba kurma ba ne. Ya ji abin da na ji, ko a gaban alƙali zan faɗa.

Ya cire abin kunnen a hankali.

"Ba laifi," ya ce. "Amma ya cika kusa."

Ya sunkuya ya zare wayata, ya jona fiyano.

"Ramin biyu ne. Kuma kiɗa babu ganga a ƙasa, wa zai saurara a zamanin nan?"

"To zare na zinaren. A bar shi a tsaye a gaban Baba saboda bidiyon da Sa'adatu za ta ɗauka, a jona nawa."

"In sa wa dattijo makirfo a gaba babu waya? In yi masa ƙarya a ɗakina? Gobe a ce Haruna ya ɓoye mai kyan, ya ɗauki Baba Zakari da na 'yan talla? Allah Ya kiyaye."

Na juya. "Baba, kai za ka raba mu."

Baba bai ɗago daga kan jitarsa ba. "Aliyu, mu baƙi ne a nan. Abin da Haruna ya ga ya dace, shi za a yi."

Sa'adatu ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya. "Don Allah kada ka ɓata masa rai. Da ƙyar fa ya yarda."

Na naɗe wayata na koma jikin bango.

Sai ya kaɗa. Ba zan iya ba ku labarinsa yadda ya kamata ba, kuma wannan shi ne abin haushin. Yatsun da suka saba da guntun ƙarfen makulli suka sake, suka riƙa gudu suna tsayawa, yana jan tsirkiya har ka ce za ta tsinke sai ya sake ta. Wani wurin kamar goge, wani wurin kamar mace tana kiran ɗa daga nesa. Gangar fiyanon tana ta bugawa a miƙe kamar agogo, shi kuwa yana zagaye ta, yana gaba yana baya, yadda ya saba da makaɗa masu rai. Mai markaɗe ma, na rantse, ya ɗan tsaya. Gumi ya jiƙa masa hula. Ƙafafuna suna jin amfilifayar ta cikin siminti.

Mu da muke ɗakin mun ji. Kwamfutar ba ta ji ba.

Da ya gama, Haruna ya durƙusa ya kama hannunsa, idonsa da ƙwalla. Ba na cewa ba ya son Baba. Yana son sa. Ya sa aka kawo shinkafa da kaji, ya raka mu har bakin titi, ya riƙe masa ƙofar keke.

Washegari bidiyon ya shiga wayoyin mutane. Tsoho da farar riga, makirfon zinare yana ƙyalli a gaban gemunsa. Haruna ya ƙara amsa-kuwwa don ya rufe janareta, sai janaretan ya zama biyu. A ƙasa kuwa sai yabo: Masha Allah, Allah Ya ƙara lafiya, tuna baya. Duk wanda ya rubuta haka ya kalla ne, bai saurara ba.

Na sami Baba a rumfarsa da la'asar, yana goge wani makulli. Na sa masa abin ji a kunne na kunna bidiyon. Ya saurara ya daɗe, har aka zo inda ya yi tari.

"Wannan tarin nawa ne?"

"Naka ne, Baba."

"To, tarin dai ya fito da kyau. Jitar fa?"

"Tana can baya. Bayan inji."

Sai na kunna masa guntun nan na saiti, wanda na kwafo daga kwamfutar kafin a goge. Bai fi tsawon numfashi biyu ba. Ya ajiye makullin. Ya yi mini alama da yatsa in sake. Na sake.

"Wannan ita ce," ya ce.

"Mu sake ɗauka, Baba. Watan bai tsaya ba tukuna. Zan kawo kayana har gida, a ɗakinka, ba wanda zai sani."

Ya cire abin kunnen ya miƙo mini.

"Yaron nan ya fito mini da abin da ya fi so a duniya. Ya ciyar da ni. Ubansa abokina ne tun muna samari. In na sake a bayansa, na ce masa bai iya ba ke nan, kuma garin nan babu abin da ba a ji. Sai dai in shi ya zo da ƙafarsa ya ce a sake."

"In bai zo ba fa?"

"Sai a bar wa jikokin tarin."

Ya ɗauki makullinsa ya ci gaba da gogewa.

Daga nan Unguwar Sarki na wuce. Na tarar da Haruna yana nuna wa wasu samari mawaƙa bidiyon.

"Yaya, ka ji abin da na ji ranar nan. Ka san bai ɗauku ba."

"Ga mai baƙin cikin nan ya dawo," ya ce wa samarin, suka yi dariya. Ya ɗaga mini waya. "Duba nan. Har daga Jidda an yaba. Kai kaɗai ne mai kunne a Kaduna?"

"Kai ma kana da shi."

Ya kife wayar a kan tebur.

"To ji nan. Mutum ɗaya, ban da kai, ya hawo benen nan ya dube ni ya ce bai yi ba. Mutum ɗaya. Wallahi ni zan je in ɗauko Baba da kaina, in durƙusa in sa masa na mai basir ɗin naka."

Na je wurin Sa'adatu. Ta ce ita ba ta san sauti ba, ta dai ga Baba ya yi kyau, kuma da wane ido za ta dubi Yaya Haruna bayan ɗawainiyar da ya yi. Na je wurin abokan aikina biyu. Dukansu sun saurara, sun yamutsa fuska, sun ce gaskiya ya lalace. Da na ce mu je, ɗaya ya ce suna gaisawa da Haruna a masallacin Juma'a, ɗayan ya ce wata rana zai buƙaci situdiyon.

Sha'aban ya raba, har ya gangara.

Bidiyon yana wayarka, na sani. Sa abin ji a kunnuwanka, ka rufe ido don kada farar rigar ta ruɗe ka, ka nemi jitar. In ka same ta, ka zo ka ƙaryata ni a bainar jama'a. In ba ka same ta ba, situdiyon yana Unguwar Sarki, a bene, saman mai markaɗe, ƙofarsa koriya. Ba saƙo za ka tura ba, ba addu'a za ka rubuta a ƙasan bidiyo ba. Ka hau benen yau, ka yi sallama, ka dubi Haruna a ido, ka ce masa: bai ɗauku ba, a sake.