Numfashin Mai Jan Baƙi

Shekara ashirin da biyu Malam Abdulbaƙi yana jan baƙi a masallacin unguwarsu da ke Kabara. Duk azumi bayan la'asar shi ke karanto aya, amininsa Malam Nata'ala ya fassara wa jama'a. An san shi da dogon numfashi. Ayar da wani zai yanka gida uku, shi sai ya kai ta gaɓa bai tsaya ba.

Sai korona ta kwantar da shi. Ya tashi, amma ba da ƙarfinsa na da ba.

'Yarsa Fanna ce ta raka shi asibiti ana saura wata guda azumi. Likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa ta ce, "Baba, huhu kamar soso yake, cike da 'yan jakunkunan iska. Cutar ta kumbura su, ta ci bangonsu. Da wurin ya warke, sai ya warke da tabo. Kun ga farin nan? Nama ne ya yi tauri, ba ya buɗewa."

Fanna ba mai magana a gaban mutane ba ce, amma ta daure ta ce, "Zai koma daidai?"

"Wani wurin zai yi sauƙi. Wannan kam da wuya."

Da Malam Nata'ala ya zo dubiya, tun daga zaure ya fara tsokana. "Kai Babarbare, korona ma ta ɗanɗana ka ta ji ɗaci ta tofar!"

"Bafillace, kai ko kallonka ba ta yi ba, ta ga ba nama."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Malam Abdulbaƙi. Da ya lafa, Malam Nata'ala ya sassauta murya ya ce, "Bana ka huta. Ƙaninka Salisu ya ja."

"Ina raye? A'a."

Ranar ɗaya ga azumi Fanna ta zauna a ɓangaren mata, jikin labule. Muryar Baba ta fito ta lasifika, daɗinta na nan yadda yake. Gajerun ayoyi suka wuce lafiya, har ta fara sakin jiki.

Sai aka zo wata doguwa. Yana tsakiyarta numfashi ya yanke, a wurin da ba a tsayawa, don in an tsaya ma'ana ta juye. Ya koma baya kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya sake ɗaukowa. Ya sake yankewa a wurin nan dai.

Daga cikin sahu mutum uku ko huɗu suka ɗaga murya suka ba shi kalmar gaba, kamar yadda ake yi wa wanda karatu ya ɓace masa. Taimako suka yi nufi. Amma tun da ya fara jan baƙi ba a taɓa yi masa gyara ba.

Ba abin da ke fita ta lasifika sai shessheƙar ƙirjinsa. Fanna ta cusa bakin mayafinta a baki.

"Ban manta ba, jama'a," in ji shi a hankali. "Wallahi ban manta ba."

Aka ji ƙarar jan abin magana a kan tabarma. Muryar Salisu ce ta ƙarasa ayar.

Da aka sha ruwa Fanna ta kai masa kunun tsamiya. Bai taɓa ba. Ta juya za ta fita, ya ce, "Fanna, zauna. Ayar nan ta tsaya mini a wuya. Zan ɗauko, inda na yanke ki karɓa."

"Baba, karatuna bai kai nan ba."

"Tun kina goye kike jin ta."

Ya ɗauko. Ya zo wurin, ya yanke. Kanta a sunkuye, ta karɓa ta kai ta ƙarshe.

Baba ya goge ido da hannun riga ya ce, "Gobe ki kai wa Salisu buzuna, wanda nake zama a kai."