Ranar da Farar Kura Ya Ba da Shaida

…kuma ya faɗa. Ya faɗa ɗin. Da wannan bakin nasa, da ko cinikin akuya ba ya iyawa sai ya nemi dillali.

Muntaka yana tafe a gefen titin da ya fito daga Garki, yana jan kekensa, yana murmushi shi kaɗai. Shi? Shi da tun yana saurayi ake kira Farar Kura saboda tsoro?

Hannun Jaji. Na dama. Yana nan a jikinsa, da shi ma ya karɓi sandarsa a ƙofar kotu… Mako uku Bafulatanin yana tsare, wai ya saci bijimin Alhaji ranar Alhamis da hantsi. Ga Shari'a ta zo, kowa ya san abin da ke jiran hannun ɓarawo. Alhamis da hantsi? Ai tun fitowar rana har la'asar suna tare a gonar Muntaka, suna fama da saniyar Jaji da ta rufta tsohuwar rijiya. Igiyar ta saɓule wa Muntaka tafi, har yau bai gama warkewa ba.

To, wa zai faɗa? Alhaji fa. Surukinsa, mahaifin Zuwaira. Shekara goma sha ɗaya ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. Gonar ma aron Alhaji ce.

"Ba ruwanka, Malam," in ji Zuwaira da safe, tana miƙo masa koko, ba ta dube shi ba. "Baba ya san abin da ya gani."

Bai ga komai ba. Gaya masa aka yi, ya hau, girma ya hana shi sauka.

Shi kuwa Muntaka, mako uku yana kame da baki… in ya ɗaga hannu zai yi kabbara, hannun wani yake gani. Tuwo ya koma ƙasa a harshensa. Ya ce zai je kotun ne kallo kawai. Kallo — har cikin ransa haka ya yi niyya.

"Akwai mai magana?" in ji alƙali.

Rabin ƙauyensu na zaune, kowa yana duban yatsun ƙafarsa. Yaushe ya miƙe? Wallahi bai sani ba. Gwiwoyin suna kaɗawa kamar an sa shi a ruwan hunturu da asuba… yana yaro, kare ne ya biyo shi, ya ruga ya shige bayan zanen mahaifiyarsa, Babansa yana gyara bindigarsa ta farauta, ko kai bai ɗago ba: namiji jikinsa ba ya rawa. Allah Ya jiƙan Baba. Ya kashe kura biyu, amma wannan bai sani ba — jiki yana rawa, baki yana magana. Lokaci guda. Ashe ana haɗawa.

"Allah Ya gafarta Malam, ranar muna tare."

Murya kamar ta ɗan akuya. Alƙali ya ce ya ɗaga. Ya ɗaga. Ya buɗe tafinsa ya nuna. Sai daga can baya Ɗan'inna mai haƙar rijiya ya yi gyaran murya: "Igiyata suka ara." Sai wani: shi ma ya ji kukan saniyar. Sai wani… Ashe duk sun sani. Mutum guda suke jira, kuma ba a sami kowa ba sai Farar Kura.

Alhaji ya kakkaɓe babbar rigarsa ya fita, bai waiwayo ba. Gonar? Ta tafi ke nan, wataƙila. Ta tafi mana. Ƙirjinsa sakayau, kamar an sauke masa buhun gero da ya manta yana ɗauke da shi. Jaji kuwa "Mi yetti" kawai ya ce, na gode da harshensu, idonsa jawur.

Ga kukar bakin gari. Mata masu sussuka sun tsayar da taɓarya suna kallonsa — labari ya riga shi. Su kalla. Yau ba zai sunkuyar da kai ba.

Babur a ƙofar gidansa.

Na Alhaji ne… mutumin da bai taɓa tako gidan nan ba ko ranar suna. 'Yarsa ya zo ɗauka? Ko kuwa…? Tsoron ya dawo, sabo fil, kamar ba shi ne na kotu ba. Wato ba ya ƙarewa ke nan. Kullum sai an sake.

Ya jingine keken. Ya share tafinsa a riga.

"Salamu alaikum."

Daga zaure, wani ya motsa a kan tabarma…