Ƙwai Ɗaya a Asibitin Haifa

Tirza ta sake miƙewa a cikin motar Haifa, ta kai hannu ga ramin na'urar sanyi, ta koma ta zauna. Iska mai zafi yake hurowa. Tun daga Tiberiya wayarta ke ruri, sai a kira na huɗu ta ɗauka.

Mahaifiyarta ce, Bruriya. Gidon, mijin Tirza, ya riga ya kai mata labari: cikin ƙwayayen da asibiti ya daskarar musu lokacin da suke neman haihuwa, saura ɗaya, kuma yau ake so su faɗi abin da za a yi da shi. Shi Gidon bai yi gardama da safe ba. Cewa kawai ya yi malaminsu ya ce umarnin Attaura na hayayyafa bai cika ba sai mutum ya haifi namiji da mace, sannan ya juya yana wanke kofin da ya riga ya wanke.

Tirza ta ce 'yan matanta biyu sun ishe ta. Auna ruwan tafkin Tiberiya ne aikinta, ta san inda bakinsa yake bara da inda ya ja baya bana. Attaurar ma ai ta hana a lalata duniya.

"Ima," ta ce, yadda suke kiran uwa, "in aka haifi yaron nan zai ga ƙarshen ƙarnin nan. Kin san irin zafin da za a yi?"

"Su tara ne a gidan su kakarki, ita kaɗai ta fito da rai daga sansanin kisa na Jamusawa. A tanti ta haife ni, ba famfo ba fanka. Da ta tsaya auna tafki, yau wa zan kira?"

Tirza ta kashe wayar.

A asibiti aka miƙo mata takarda mai gurbi uku: a dasa a mahaifa, a narkar a zubar, ko a ƙara ajiyewa shekara guda. Ta kai ƙarshen baranda ta dawo, ta sha ruwa, ta sake tafiya. Ta kira Gidon, ta katse kafin ya ɗauka.

Daga ƙarshe ta sa alama a gurbi na uku, ta ce wa ma'aikaciyar jinyar da ta ba ta takardar lallai baɗi za ta yanke shawara.

Matar ta buga hatimi ba ta ko ɗago kai ba. "Babu sauri, 'yar'uwa. Akwai wadda ta shekara goma sha biyar tana gaya mini haka."